BEATLES: SUN RABU TUN 1970, AMMA GARDAMA A KANSU TA ƘI MUTUWA

Duk wanda ya taɓa neman abinci a Apapa ya san titin Wharf, inda manyan motoci kan yi layi dare da rana suna jiran kaya daga tashar jiragen ruwa. To, a wani gini da ke kan wannan titi, cikin watan Satumba na 1973, shekarar da aka fito da naira, an yi wata arangama tsakanin manyan mawaƙa biyu, wadda har gobe masu sha'awar kiɗa suke ba da labarinta.

Ɗaya Bature ne, Paul McCartney, wanda shekara uku kafin nan yake cikin ƙungiyar Beatles ta ƙasar Ingila. Ɗayan kuwa shi ne Fela, wanda a lokacin ake kira Fela Ransome-Kuti. McCartney ya zo Ikko ne don ya yi sabon faifai a ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin EMI. Fela kuwa sai ya fito bainar jama'a ya ce satar kiɗan Afirka ce ta kawo Baturen nan. Bai tsaya nan ba, ya taka har inda ake aikin don su yi ta ido da ido.

Mai karatu zai ji yadda suka ƙare a can gaba. Amma tuhumar da Fela ya yi a ranar ita ce gindin wata gardama da masoya kiɗan rok suke yi fiye da shekara 50, a Turai da Amurka da sauran duniya. Wasu sun ce ba a taɓa yin ƙungiyar makaɗa kamar Beatles ba. Wasu kuwa sun ce an dai zuzuta su, kuma akwai bashi a wuyansu.

SU WANE NE BEATLES?

Samari huɗu ne 'yan Liverpool, wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewa maso yammacin Ingila. Su ne John Lennon, da Paul McCartney, da George Harrison, da kuma Ringo Starr, mai ganga. Ba 'ya'yan manya ba ne. Mahaifin Harrison direban bas ne. McCartney ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 14. Lennon kuwa a hannun 'yar'uwar mahaifiyarsa ya tashi. A cikinsu babu wanda ya iya karanta rubutun kiɗa irin na Turawa, da kunne suka koya.

Lennon da McCartney sun fara haɗuwa a 1957. A 1960 ƙungiyar ta tafi ci-rani birnin Hamburg na ƙasar Jamus, inda suka yi ta kiɗa a gidajen rawa na sa'o'i masu yawa kowane dare, suna kwana a wani ɗan ɗaki bayan majigin wani gidan silima. Harrison ma korarsa aka yi daga ƙasar, domin shekararsa 17, bai isa aikin dare ba. Wannan wahala ce ta gasa su.

A farkon 1962 kamfanin Decca ya saurare su ya ce ba ya so. Sai wani ma'aikacin EMI mai suna George Martin ya karɓe su. Cikin watan Agusta suka sallami mai gangarsu na farko, Pete Best, suka ɗauki Ringo. Ƙaramin faifansu na farko, Love Me Do, ya fito cikin Oktoba 1962. Ran 10 ga Afrilu 1970 duniya ta ji labarin McCartney ya bar ƙungiyar. Watau duk abin da ake gardama a kansa, waƙoƙi fiye da 200, an yi shi ne cikin ƙasa da shekara takwas.

HUJJAR MASOYA

Masoyan Beatles da lissafi suke farawa. Ran 9 ga Fabrairu 1964, da suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka, an ƙiyasta mutum miliyan 73 ne suka kalla. Cikin makon farko na Afrilun wannan shekara, a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, na ɗaya har zuwa na biyar duk nasu ne. Sau 20 waƙarsu tana zama ta ɗaya a wannan jeri, kuma babu ƙungiyar da ta kamo su. A 1965 mutum fiye da 55,000 suka cika filin wasa na Shea a New York don jin su. Waƙar Yesterday kuwa, mawaƙa dabam dabam sun sake rera ta a faifai fiye da sau 2,000. In rana ta fito, in ji su, tafin hannu ba ya kare ta.

Sa'an nan su ce ba yawan ciniki kaɗai ba. Kafin Beatles, yawancin mawaƙan samari a Ingila rubuta masu waƙa ake yi, su dai su rera. Lennon da McCartney suka nuna cewa mawaƙi na iya tsara abinsa da kansa. Cikin Agusta 1966 suka daina yawon wasa ɗungum, domin ihun 'yan kallo ya kai ko su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. Suka shige ɗakin ɗaukar waƙa suka mai da shi wurin gwaji, suna juya tef baya, suna haɗa jita da goge da ƙaho. Babban faifansu na 1967, Sgt. Pepper, da na'ura mai layi huɗu kacal aka yi shi, amma sai da ya sa sauran makaɗa suka sake tunani. Harrison kuma ya ɗauki darasin sita, wata irin molon Indiya, a wurin gwani Ravi Shankar, ya shigar da ita cikin kiɗan Turawa.

'YAN ROLLING STONES

Abokan hamayya na farko su ne masoyan Rolling Stones, wata ƙungiya da aka kafa a Landan a 1962. Su a ganinsu Beatles 'yan gayu ne da manajansu Brian Epstein ya ɗinka wa kwat iri ɗaya don iyaye su yarda da su, alhali kiɗan rok na masu taurin kai ne. Kuma suka ce makaɗi a gaban jama'a ake gane shi. Beatles sun gudu daga dandali tun 1966, su kuwa Stones sun haura shekara 60 suna cika filayen wasa.

Su kansu manyan ba su bar ta ta kwanta ba. A 2020 McCartney ya ce tasu ƙungiyar ta fi. Mick Jagger, shugaban Stones, ya mayar masa da cewa ɗaya ƙungiya tana nan tana wasa, ɗayar kuwa babu ita. A 2021 McCartney ya ƙara da cewa Stones ai kusan masu maimaita kiɗan bulus ne kawai.

Amma fa tsakaninsu ba gaba ba ce. Lennon da McCartney ne suka ba Stones waƙar da ta zama ƙaramin faifansu na biyu a 1963. A 2023 kuma McCartney ya kaɗa jita a wata waƙa cikin sabon faifan Stones. Mabiya ne ke tada jijiyar wuya, su masu abin suna shan shayi tare.

BAKIN LENNON

Wani ɓangare na gardamar kuwa a kan hali ne, musamman halin Lennon. A farkon 1966 ya gaya wa wata 'yar jaridar Landan cewa addinin Kirista zai dushe, kuma su Beatles a lokacin sun fi Annabi Isa, Alaihis Salam, farin jini. A Ingila maganar ta wuce shiru. Da wata mujallar matasa ta sake buga ta a Amurka bayan watanni, sai wuta ta tashi. Aka yi ta tara faya-fayansu ana ƙonawa a jihohin kudu, gidajen rediyo da dama suka daina sa waƙoƙinsu, a Afirka ta Kudu ma aka hana su a rediyon gwamnati. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Tilas Lennon ya tsaya gaban 'yan jarida a Chicago ya ba da haƙuri. Masoyansa sun ce kuka yake yi da yadda matasa suka bar ibada. Masu ibada da yawa kuwa sun ce girman kai ne, kuma ba su sake kallonsa da mutunci ba.

Akwai kuma wadda ta shafi ƙasar nan kai tsaye. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba su huɗun lambar girma ta MBE. Ran 25 ga Nuwamba 1969, ana cikin yaƙin basasar Nijeriya, Lennon ya mayar da tasa fadar Sarauniya. Ya ba da dalili uku. Na farko, hannun da Ingila ta sa a yaƙin Nijeriya da Biyafara, domin a lokacin tana sayar wa Gwamnatin Tarayya makamai. Na biyu, goyon bayan da take ba Amurka a yaƙin Biyetnam. Na uku kuwa, wai sabon faifansa ya fara yin ƙasa a kasuwa. Wasu sun ce jarumtaka ce. Wasu sun ce wanda ya haɗa yaƙin da ya ci rayuka masu ɗimbin yawa da cinikin faifansa cikin takarda ɗaya bai san nauyin abin da yake magana a kai ba.

KIƊAN NA WANE NE?

Suka mafi nauyi ita ce ta asalin kiɗan. Rok bai tsiro a Liverpool ba. Baƙaƙen Amurka ne suka haife shi, daga kiɗan bulus da waƙoƙin cocinsu, irin su Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino. Faya-fayan Beatles na farko cike suke da waƙoƙin waɗannan mutane. Twist and Shout, 'yan Isley Brothers ne suka yi suna da ita kafin su. Please Mr. Postman ta 'yan matan Marvelettes ce. Roll Over Beethoven ta Chuck Berry ce, Long Tall Sally kuma ta Little Richard. Masu suka sun ce a zamanin da gidajen rediyo da yawa na Amurka ke ƙyamar muryar baƙar fata, sai ga yara farare huɗu sun ɗauko kayan sun sake sayar wa Amurkawa, suka kwashe suna da dukiya.

Har kotu an je. Mai riƙe da haƙƙin wata waƙar Chuck Berry ya yi ƙarar Lennon a kan Come Together, aka sasanta a 1973. A 1976 wani alƙali a New York ya yanke cewa Harrison, a waƙarsa My Sweet Lord da ya yi bayan rabuwa, ya kwaikwayi karin wata waƙar 'yan matan Chiffons, ko da yake ba da gangan ba.

Masoya suna da amsa. Sun ce Beatles ba su taɓa ɓoye malamansu ba, ko'ina suka je sai sun ambace su, har matasan Turawa suka shiga neman faya-fayan asali. Cikin Satumba 1964, da aka shirya masu wasa a Jacksonville ta jihar Florida, suka ce ba za su hau dandali ba in an raba farare da baƙaƙe, kuma ba a raba ba. Daga baya suka sa wannan sharaɗi cikin takardar yarjejeniyarsu. A 1969 kuma suka rubuta sunan Billy Preston, baƙin Ba'amurke mai kaɗa fiyano, kusa da nasu a kan faifan Get Back. Sai masu suka su ce yabo da ladabi abu ne mai kyau, amma ba su ake kaiwa kasuwa ba.

ƊAN NIJERIYA A CIKIN LAMARIN

Cikin masu bin bashin har da ɗan ƙasar nan. A Landan ta shekarun 1960 akwai wani mai kaɗa gangar konga, ɗan Nijeriya, ana ce da shi Jimmy Scott. Yana da wata 'yar magana da ya saba yi in ana hira ko yana kan dandali. McCartney ya san shi a gidajen rawa, ya ji maganar ta yi masa daɗi, sai ya gina waƙa a kanta, ya sa mata suna Ob-La-Di, Ob-La-Da, ta fito a 1968. Scott ma ya kaɗa gangarsa a wani gwajin farko na waƙar, amma ba wannan gwajin aka fitar a lokacin ba.

Da waƙar ta yi kasuwa, Scott ya nemi a sa sunansa cikin masu ita. McCartney ya ce magana ce kawai ta baka, ba waƙa ba. Daga baya ya ba shi wasu kuɗi, shi kuma ya janye. Scott ya rasu a 1986. Har yanzu in an duba faifan, sunan Lennon da McCartney kaɗai za a gani. Masoya sun ce an sallame shi. Masu suka sun ce an sallami mutum sau ɗaya a kan abin da ke kawo kuɗi kowace shekara.

YADDA AKA ƘARE A APAPA

To, a koma Ikko. McCartney ya zaɓi garin ne daga jerin wuraren da EMI ke da ɗakin ɗaukar waƙa, yana tsammanin zai sha iska a bakin teku da rana, ya yi aiki da dare. Ana gab da tafiya makaɗa biyu na sabuwar ƙungiyarsa, Wings, suka ce sun fasa. Ya sauka da matarsa Linda da Denny Laine kaɗai, cikin damina, ya tarar da ɗakin Apapa bai gama haɗuwa ba. Shi ya zama mai ganga, shi ne mai jita. Suka kama gida a Ikeja.

Wani dare shi da Linda suka fita yawo a ƙasa, 'yan fashi suka tare su da wuƙa, suka tafi da jakar da ke ɗauke da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin da littafin da ya rubuta baitoci. Sai da ka ya tuno su. Wata rana kuma numfashinsa ya sarƙe ya faɗi ana cikin aiki, aka yi zaton ciwon zuciya ne.

Da Fela ya iso da tuhumarsa, McCartney bai yi dogon musu ba. Ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ce ya saurara da kunnensa ko akwai kiɗan Afirka a ciki. Fela ya saurara, rigima ta kwanta. Wata waƙa guda kuma a ɗakin Ginger Baker da ke Ikeja aka ɗauke ta, wani Baturen mai ganga, aminin Fela. Kafin ƙarshen Satumba suka koma Landan, inda aka ƙarasa aikin. Faifan, Band on the Run, ya fito a ƙarshen 1973, kuma mutane da yawa suna ganin shi ne mafi kyau cikin duk abin da McCartney ya yi bayan Beatles.

A wannan karon dai ba a kama Bature da kayan kowa ba. Amma wanda ya san labarin Chuck Berry da Jimmy Scott ba zai ce Fela ya yi zargin banza ba.

WA YA CI RIBA?

Abin mamaki, abin da ya ci Doma bai bar Awe ba. Su ma Beatles ɗin ba su mallaki waƙoƙinsu ba. Yarjejeniyarsu ta farko da EMI kwabo ɗaya ne na tsohon kuɗin Ingila a kan kowane ƙaramin faifai, su huɗu su raba. A 1963 aka kafa kamfanin Northern Songs don riƙe haƙƙin waƙoƙin Lennon da McCartney, amma kaso mai tsoka na wani ɗan kasuwa ne, Dick James, da abokin cinikinsa. A 1969 suka sayar da nasu ga kamfanin ATV ba tare da sun shawarci mawaƙan ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuɗin nan ne ma babban abin da ya raba su, ko da yake mutane da yawa sun fi son ɗora laifin a kan Yoko Ono, matar Lennon. Bayan rasuwar Epstein a 1967 harkokinsu suka dagule. Uku suka ce Allen Klein ne zai zama manaja, McCartney ya ce sai surukinsa Lee Eastman. Ran 31 ga Disamba 1970 ya kai abokansa ƙara kotu don a raba tarayya. Fim ɗin Get Back na 2021, mai kusan awa takwas, wanda aka haɗa daga hotunan da aka ɗauka a Janairu 1969, ya nuna Yoko tana zaune gefe abinta, su kuwa suna aikinsu, suna wasa, suna saɓani.

A 1985 aka sayar da ɓangaren waƙoƙi na kamfanin ATV. Wanda ya saya shi ne Michael Jackson, a kan dala miliyan 47.5, kuma McCartney ne da bakinsa ya taɓa ba shi shawarar ya riƙa sayen haƙƙin waƙoƙi. Ta haka waƙoƙin da aka gina bisa kiɗan baƙaƙen Amurka suka faɗa hannun baƙin Ba'amurke. A 1995 ya haɗa hannu da kamfanin Sony, a 2016 kuma Sony ya biya magadansa dala miliyan 750 ya karɓe rabinsu. McCartney, yana da shekara 74, ya shigar da ƙara a Amurka a 2017 don neman haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta yana saurayi, aka sasanta a asirce.

INDA MAGANA TA TSAYA

An harbe Lennon a ƙofar gidansa a New York ran 8 ga Disamba 1980. Harrison ya rasu ran 29 ga Nuwamba 2001. Duk da haka a Nuwamba 2023 sai ga sabuwar waƙar Beatles, Now and Then. Daga wani tsohon kaset na Lennon aka tsamo muryarsa da taimakon kwamfuta, McCartney da Ringo suka ƙarasa, aka haɗa da jitar da Harrison ya kaɗa a 1995. Ta zama ta ɗaya a Ingila, karo na 18 ke nan gare su, ta kuma ci lambar Grammy a 2025. Nan ma gardama ta tashi. Wasu suka ce ban kwana ne mai kyau, wasu suka ce a ƙyale matattu su huta.

Wanda ya auna hujjojin nan zai ga kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Gwanintar yaran Liverpool ba ta musantuwa, haka kuma bashin da ke kansu. Da aka fara shigar da mutane zauren karrama gwanayen rok a Amurka a 1986, Chuck Berry da Little Richard da Fats Domino suna cikin waɗanda aka fara shigarwa. Beatles sai a 1988.

Shi kuwa McCartney, in aka tambaye shi labarin Ikko, ba fashin kaɗai yake tunawa ba. Ya sha faɗa cewa a daren da ya je gidan rawar Fela, da makaɗan suka saki kiɗa, bai san sa'ad da hawaye suka zubo masa ba, kuma yana lissafa su cikin ƙungiyoyin da suka fi burge shi a kan dandali duk tsawon rayuwarsa.